Ragon Ruwa

A cocinmu na Angalika da ke Kalgo abu biyu ne ba a taɓawa: kujerar Mama Delu, shugabar Zumuntar Mata, da ragon godiyar kaka. Kujerar har gobe tana nan. Ragon kuwa sabon Rabaran ne ya taɓa shi, alhali ko sunayenmu bai gama riƙewa ba.

Ga yadda abin yake. Duk shekara idan an gama girbi muna yin Lahadin godiya. Kowa ya kawo abin da gona ta ba shi, mai damin gero, mai buhun shinkafa, mai albasa. Wanda ba shi da gona ya sayo sabulu da omo ya jera a gaban bagade kamar shi ya shuka su. Ranar Asabar kafin nan ake yanka rago, mu 'yan Zumunta mu wuni a bakin murhu. Abincin kuma ba namu kaɗai ba ne. Unguwar da muke duk Musulmi ne. Su kawo mana naman layya, mu aika musu da kwanonin godiya, haka muka taso muka tarar. Sai dai duk gidan da kwano ya shiga, kafin a ɗaga murfi akwai tambaya guda: wa ya yanka? Shi ya sa kullum Musulmi ke yi mana yankan.

Da tsohon da ke yi ya rasu, aka zauna neman wani. Mama Delu ta ce, tana kallon rufin kwano, wai ta ji labarin wani mai walda a Gwandu, Abdulgani, an ce hannunsa na da kyau. Babu wanda ya yi tari. Duk mun san Abdulgani ɗanta ne na cikinta.

Irmiya muka san shi da shi. Ajinmu ɗaya a makarantar Lahadi, shi ke buga ganga yana ɓata mana waƙa. Ya tafi Gwandu koyon walda, ya musulunta a can, ya auri wata Ruƙayyatu, ya yi zamansa. Ubansa, Katikis Ishaya, mai koyar da addini a cocinmu, ya ce kada ya ƙara taka masa gida, kuma ya mutu bai janye maganar ba. Mama Delu ta ce ita ba za ta kwance abin da mijinta ya ɗaure ba. Abdulgani ya ce shi ba zai shiga inda aka ce kada ya shiga ba. Taurin kai a gidan nan gado ne, kowa ya ci rabonsa. Dukansu suna da waya, amma ban taɓa jin ta ɗaya ta yi ƙara saboda ɗayan ba.

To, filin bayan coci ba gidan Katikis ba ne. Can ƙarƙashin darbejiya ake yankan. Da hantsi zai iso a babur da wuƙarsa naɗe cikin tsumma. Ita ke kawo ruwa da roba, ba ta barin kowa ya kawo. Hirarsu kuwa duk ta rago ce. Sai ta tsura wa ragon ido ta ce bana ya rame. Shi ma ya dubi ragon ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Ta ce da alama ba a ba shi abinci a kan lokaci. Ya ce ana ba shi. Rago kuwa ga shi nan ɓul-ɓul, da ƙyar maza biyu ke kayar da shi. Daga nan ya yi bisimilla ya yanka, ya wanke wuƙa, ya hau babur. Abin da take samu na ɗanta ke nan a shekara, kuma da shi take kaiwa wata kaka.

Sai aka kawo mana Rabaran Filibus. Mutumin kirki ne, matsalarsa ke nan. Ya gyara mana fanka, ya sa aka daina sanarwa mai tsawon wa'azi, yana zuwa gaida marasa lafiya ko da ciwon haƙori ne. Ana saura 'yan makonni godiya ya tara kwamiti, maza da mata, ya ce yana da shawara. Coci ya cika da ɗaliban jami'a, rago ɗaya ba ya zagayawa, bara wasu ƙashi kawai suka gani. Ga kogi a bayanmu. Me zai hana bana a yi kifi? Kifi kowa na ci, babu mai tambayar wa ya yanka, kuma an hutar da bawan Allahn nan da ke taso babur tun daga Gwandu.

Maza suka hau gyaɗa kai. Su dama ko dutse aka dafa da yaji za su gyaɗa kai.

Mama Delu ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta. Ta ce ita a iya saninta, da aka hana Ibrahim yanka ɗansa, rago aka ba shi, ba a tura shi su a kogi ba. Rabaran ya yi murmushi ya ce gaskiya ne Mama, amma da Almasihu ya ciyar da taron jama'a, da kifi ya yi. Ta ce kifi na da ƙaya, yara za su shaƙe. Ya ce 'ya'yan Kabi kuma, da suka tashi a bakin kogi? Ta ce ƙarni zai kama labulen coci har Kirsimeti. Ya ce a waje za a soya. Duk ƙofar da ta nufa sai ta tarar ya riga ta, yana murmushi, yana kiranta Mama. Da aka ce masu son rago su ɗaga hannu, hannu biyu ne suka tashi, nata da nawa. Sauran matan, waɗanda suka san komai, duk suka sami abin dubawa a cikin jakunkunansu. Wallahi ranar na ji haushin Zumunta.

Da aka tashi Rabaran ya ja ni gefe. Ya ce Tabita, kada ki ga kamar ban san labarin ba, an gaya mini. Wai shi ya ga bai kamata duk shekara a riƙa tsayar da tsohuwa gaban ɗan da ya bar ta ba, ana fama mata ciwo. Don ita ya yi. Na dube shi sama da ƙasa. Baƙo dai makaho ne ko da idonsa biyu. Na ce Allah ya ƙara basira. Ya ce amin.

Daga nan gidan Mama Delu na wuce. Na same ta tana tsince wake. Na ce ta bar ni in koma in fayyace wa mutumin nan komai, ai ba mugu ba ne, yana ji zai janye.

"Ki gaya mai mi?" ta ce. "Ni maganar rago nike yi."

Na ce Mama, ni fa Tabita ce. Ta ce ta san sunana, ita ta riƙe ni ranar baftisma, kuma idan na kai wata magana gaban Rabaran in nemi wata uwar. Na fito ina ƙunƙuni har bakin titi.

Makonnin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Mama Delu ta daina gyara wa 'yan kwaya, mawaƙan coci, murya. Wata Lahadi wata ɗaliba ta shigo da kai babu ɗankwali, ta wuce ta gabanta, ba ta ce uffan ba. Ranar taron Zumunta aka rera waƙa ɗaya sau biyu ba ta lura ba. Tsoro ya kama ni, don matar da ba ta faɗa ba Mama Delu ba ce. Na tausaya mata ƙwarai, na kuma ji kamar in girgiza ta.

Kwatsam sai ga ta gaban kwamiti, ta ce tunda kifi aka zaɓa, ita za ta sayo. Rabaran ya ji daɗi har ya yi misali da ita a wa'azi, kan tawali'u. Da ƙafarta ta je bakin kogi wajen Mamman masunci, suka daɗe suna magana. Ban san me suka ƙulla ba.

Ranar Juma'a da la'asar ta shigo gidana ba sallama mai tsawo.

"Tabita, kira mai yankan nan, ki ce mai rago ya iso."

Na ce wane rago kuma? Ni ba zan yi wa mutum ƙarya ya ƙona mai tun daga Gwandu ba. Ta ce ita shugabar Zumunta ce, ƙarya ba ta taɓa fita bakinta ba. Cikin kifin da ta sa a kawo akwai ragon ruwa. Ita ta raɗa masa suna? Haka ta ji masunta na kiransa tun tana yarinya. Idan ina da ƙorafi in kai wa Sarkin Ruwa.

Na kira. Abdulgani ya ɗauka, bayansa ƙarar inji. Na ce rago ya iso. Ya ce shi ya ji an ce bana ba a yi. Na ce to ana yi. Ya tambaya ko babba ne. Na ce ya dai zo ya gani.

Asabar da safe Mamman ya iso da amalanke, an ɗora manyan robobi cike da ruwa. Muka leƙa. Ragon ruwa 'yan kaɗan ne a sama, don fita kunya. Ƙasa kuwa tarwaɗa ce maƙil, ƙanana da matsakaita, duk da ransu, suna wutsil-wutsil. Mata suka fara mita, wa ke sayen kifin biki da rai, yaushe za a gama da wannan? Mamman ya ce shi abin da aka ce ya kawo ya kawo, ya juya amalankensa.

Da hantsi muka ji babur. Abdulgani ya kafe shi inda ya saba, ya gaishe mu, ya kwance tsummar wuƙarsa. Ya dubi gindin darbejiya, babu rago, babu igiya. Ya duba bayan ɗakin ajiya. Ya dawo ya dube ni. Ni kuwa na duƙufa kan albasa kamar yau na fara ganinta.

"Ga su nan," in ji Mama Delu, ta nuna robobin da haɓa. "Maƙwabta za su tambayi wa ya yanka."

Ya je ya tsaya a kan robobin. Ya daɗe a tsaye. Na san jinin gidan, na ce yanzu zai naɗe wuƙarsa, shi ke nan an yi biyu babu. Sai na ga ya naɗe ƙafar wando. Ya jawo turmi ya kifa, ya zauna yana fuskantar gabas, ya miƙa hannu.

Ita ke kamowa. Wata yarinyar Zumunta ta zo taimako, ta kore ta. Sai ta sa hannu ta zaɓa, ta ɗago, ta ce wannan bai yi ba tukuna, ta mayar, ta kamo wani. Tarwaɗa kuwa ga santsi, rabi suna kuɓuce mata. Shi kuma kowane ɗaya sai ya yi masa bisimillarsa daban, ya yanka a tsanake, ya ɗauraye wuƙa. Mai ya yi zafi a kasko har ya fara hayaƙi, muka sauke, muka mayar, muka sake saukewa. Ni da ba na haƙuri da jinkiri, ranar ni ce na tsaya tsakaninsu da matan, duk wadda ta buɗe baki in tura ta daka yaji.

Da fari hirar ta kifi ce. Ta ce na bana ba su kai na da ba. Ya ce ruwa ne ya ja baya. Can ta tambaya ko mutanen Gwandu na cin tarwaɗa. Ya ce wasu na ci. Ruƙayyatu ba ta so, amma ƙaramar, Fatiha, har kai take tsotsewa. Mama Delu ta ce, "Fatiha," kamar tana ɗanɗana gishirin miya. Ta tambaya ko ta yi haƙora. Ya ce ai har makaranta ta shiga. Ta ce to, ta sake sa hannu a ruwa.

Aka kira azahar a masallacin unguwa. Ya wanke hannu ya tafi da ƙafa. Mama Delu ba ta dubi hanya ba, babur ɗin ta zauna tana kallo har ya dawo. Ya koma kan turminsa. Roba ɗaya ce kawai ta ƙare.

Ana cikin haka Rabaran ya dawo daga gaida wani mara lafiya. Ya ga babur, ya ga mutum a kan turmi jiƙe da ruwan kifi, ya ga kaskon da babu komai a ciki. Ya ƙaraso da sauri, fuskarsa cike da damuwa ta gaskiya. Na yi masa alama da ido, na yi da hannu, har ludayi na ɗaga. Bai gani ba.

"Malam Abdulgani, ka yi haƙuri, ban ce a wahalar da kai ba," ya ce. "Ai sai da na tambayi limamin unguwa. Ya tabbatar mini kifi ba ya bukatar yanka."

Taɓaryar yaji ta tsaya. Hannun Mama Delu ya tsaya cikin ruwa, ba ta ɗago kai ba. 

Abdulgani ya goge wuƙar a gwiwarsa, gaba da baya.

"Na sani, Rabaran," ya ce. Sannan ya miƙa hannu. "Inna, miƙo."

Ta daɗe tana lalube a cikin robar, alhali kifin har gogar hannunta suke yi.