Jan Fenti a Gindin Mangwaro

Ni dai tun farko ban ce a kawo ni Funtuwa ba. Yanar ido ce ta kawo ni da kaka, bayan an gama sussukar waken suya. Aka ce aikin kwana uku ne, sai ga ni wata biyar ina zaune a gidan ɗana na fari, cikin ɗakin tayil mai sanyi kamar randa. Sunansa kuwa kada ku tambaye ni. Shekara arba'in da bakwai bai taɓa fita daga bakina ba, don kuwa haka muka tashi muka ga iyayenmu suna yi wa ɗan fari kara. Uban Naja nake ce masa.

Abin da na baro a Gozaki shi ne lambun mangwaro, gindi talatin da huɗu. Mijina, marigayi Malam, shi ya dasa su, ni kuma na yi rani uku ina jido musu ruwa daga rafi da tulu har wuyana ya sage. Bai taɓa yi wa lambun shinge ba. Ya ce duk wanda ya tsinka ya sha, ɗan makaranta ne ko mai korar shanu, ladan zai iske shi a kabari. Ranar da zai cika ya riƙe hannun Uban Naja ya ce kada a taɓa itatuwan nan. Ya amsa da, "In Allah ya yarda, Baba." Ina zaune a bakin gado, da kunnena na ji.

Kullum na ce a mayar da ni gida, sai a samo wata magana. "Inna, bari idon ya gama warkewa." Ido ya warke, har zare nake sa wa allura. "Inna, hanyar ba kyau." Hanyar da na yi shekara hamsin ina bi!

Ana haka Naja'atu ta zo hutu. Ita ce jikata, tana karatun zane a Zariya. Ja'irar yarinya, duk karatun duniya ta rasa na yi sai shafe-shafen fenti. Ta shigo rungume da wani abu mai faɗi a cikin kwali, ta ce sati biyu da suka wuce ta je Gozaki, ta tarar mangwaro ya yi fure, ta kwana uku a can tana zana mini shi.

Da ta buɗe na kai fuskata kusa. Fenti ne guda-guda, an laɓta shi kamar yaɓen laka.

"Ke 'yar nan, wannan kwaɓar fa? Kaji ne suka taka fenti suka bi ta kai?"

Ta yi dariya. "Inna, ja da baya. Ƙara ja. Har bakin ƙofa."

Ta ce salon wasu Turawa ne na shekara ɗari da wani abu, waɗanda suka ce kyamara ta ɗauki abin da ido ya gani, su za su zana abin da zuciya ta gani. Na buɗe baki zan ce Turawan ba su da aikin yi, sai na ɗaga ido na duba. Daga bakin ƙofa kwaɓar nan ta haɗe. Ga lambuna, wallahi. Ga furen ya rufe itatuwa, ruwan ɗorawa da ja-ja-ja, har kamar in ji ƙamshinsa da kukan zuma. Ga mangwaron paparandan nan mai doro da iska ta karkatar shekarar da aka haifi Naja. Ga layin binta suga ta wajen rafi. Inuwar ta yi ta shuɗiya, na so in yi gardama, sai na tuna da hantsi haka take, ban dai taɓa lura ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Na sa aka rataye shi a bangon da gadona ke kallo, ba ta gabas ba, don kada in riƙa salla yana gabana. Babu mutum a ciki, babu dabba, saboda haka ko malamin Islamiyyar unguwa da matan gidan suka tambaya bai ce komai ba. Da safe rana na faɗowa kansa ta taga, furen ya yi kamar yana motsi. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, ni kuma ina nuna musu da sanda, ina ba su tarihin kowane gindi. A jikin kowace bishiya akwai ɗan jan fenti, wata zane ɗaya, wata biyu. Na ɗauka ado ne irin na Turawan nata. Har yabawa na yi, na ce jan nan shi ya tayar da hoton.

Uban Naja kuwa sau ɗaya ya dube shi, ya kau da kai. Ya ce a kai shi sito kada ya lalace. Na ce sai dai a kai mu tare.

Wata biyu suka wuce, Naja ta koma makaranta, zafi ya shigo. Mangwaro ya cika kasuwar Funtuwa, har a kan titi ake tsibi da shi, amma ko ƙwallo ɗaya bai zo mini daga Gozaki ba. Na tambaya, Uban Naja ya ce bana furen ya zube. Duka talatin da huɗun? Ya ce ikon Allah. To, wa zai ja da ikon Allah?

Ranar wata Talata ƙusar ta saki, hoton ya zamo. Aka kira Malam Awaisu kafinta na bakin layi, dattijo mai furfura, ya zo da gudumarsa. Ya gyara, ya ja da baya yana kallo, ya girgiza kai.

"Kai, Hajiya, wanda ya zana wannan ya san aiki. Ko alamar bai bari ba. Amma an yi asarar itatuwa."

"Wace alama?"

"Jan nan mana. Ai na yi shekara tara da masu injin yankan itace kafin in kama kafinta. In an gama ciniki da mai lambu, sai a bi da fenti. Mai zane biyu katako za a fasa, mai ɗaya na 'yan gawayi ne."

Na zauna a bakin gado. "Malam Awaisu, in an sa alamar, kwana nawa ake yi kafin a sare?"

"Ba ya wuce sati biyu, Hajiya. Lambun wa ne?"

Na tashi na bi hoton da yatsa, gindi bayan gindi, ko zan sami wanda aka tsallake. Babu. Paparandan mai doro zane ɗaya aka yi masa. Ko darajar katako bai samu ba.

Na sa aka kira mini Naja a waya. Ban gaishe ta ba. "Kin sani?"

Na ji tana jan hanci. "Inna, Baba ya rantsar da ni kada in faɗa miki. Masara zai sa a wurin, da tarakta. Ban faɗa ba. Amma da ya ga hoton ya ce in shafe jan, na ƙi."

Wata biyu ke nan! Wata biyu ina gaida itatuwan da sun riga sun zama gawayi, ina nuna wa matan unguwa takardar hukuncinsu ina cewa ado ne. Wa ya sani ko gawayin da ake dafa mini shayi da shi a gidan nan daga cikinsu yake? Ba masarar ce ta ƙona mini rai ba, gona tasa ce ta gado. Hannun nan nasa da ubansa ya riƙe ne, da ladan bawan Allah da aka datse masa yana kwance ba ya iya magana.

Malam Awaisu na tattara kayansa, duk ya tsargu. Na ce, "Tsaya, aikinka bai ƙare ba. Ciro shi."

Na sa ya kai shi babban falo, ya buga ƙusa biyu manya a bangon da ke kallon kujerar mai gidan, inda yake cin abinci yana karɓar baƙi.

Bayan la'asar Uban Naja ya dawo tare da abokansa uku, alhazan kasuwar hatsi. Ina zaune a ƙarƙashin hoton da sandata. Baƙin suka durƙusa suka gaishe ni, ɗaya ya ɗaga kai ya ce, "Masha Allah, wannan lambu fa? A ina yake?"

Uban Naja ya dubi hoton, ya dube ni. Ya ce, "Inna, mu shiga ciki."

"Zaharaddeen," na ce.

Hular da ya cire ta suɓuce daga hannunsa. Duk wanda ke wurin ya san abin da ya ji, don babu Bahaushen da bai san uwa ba ta kiran ɗan fari da suna ba, sai in karar ta ƙare.

"Zaharaddeen, baƙonka ya yi tambaya. Gaya masa inda lambun ubanka yake."