Sarƙa ta Uku

Salomi ta yi shekara tara tana yi wa dabbobi allurar rigakafi a rugagen da ke tsakanin Mubi da Belel, kuma duk yawon nan a kan babur ɗinta take yin sa, da akwatin ƙanƙara ɗaure a baya. Ta san inda yashi ke kama taya a hanyar, ta san inda dutse ke ɓuya a cikin ciyawa. Abin da ya gagare ta sani shi ne dalilin da ya sa babur ɗin ya cinye sarƙa biyu cikin wata biyar, ga shi kuma da ta ɗan sassauta hannu sai ya riƙa jan ta gefe.

Bakanikenta Mu'azu ne, mai rumfa a bakin hanya can ƙarshen Nassarawo. Ƙato ne mai son a taru a kansa, ba ya taɓa sifana sai ya ga akwai 'yan kallo. Ranar da ya sa mata sarƙa ta uku, ta ce masa ya duba tayar baya da kyau, tana zaton a karkace take. Ya tsuguna a bayan babur ɗin, ya rufe ido ɗaya kamar mai neman jinjirin wata, sannan ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Daidai take, Madam. Ga zane uku nan, ga zane uku can," in ji shi, yana nuna 'yan alamomin da ke jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar. "Shekara ashirin idon nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Hannunki ne ke rawa. Tuƙi fa ba allurar akuya ba ne."

Masu babura da ke zaune a benci suka kwashe da dariya. Salomi ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Rabinsu ba su kai ta daɗewa a kan babur ba, amma ga su sun wage baki. Ta tayar da babur ɗinta ta tafi.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, da hantsi, tana haurawa daga wani rafi da ruwa ya janye, sarƙar ta goce ta maƙale. Tayar baya ta ƙame, babur ɗin ya watsar da ita a kan tsakuwa. Hannunta na dama ya saɓule tun daga gwiwa, akwatin ya buɗe, kwalaben magani suka tarwatse a taɓo. Gabdo, makiyayin da ya tara mata shanu fiye da saba'in tun asuba, shi ya zo ya ɗaga babur ɗin daga kan ƙafarta. Bai yi ƙorafi ba, ya dai ce zai sake tara su duk ranar da ta samu hali. Hakan ya fi ciwon ƙona mata rai.

A ƙarshen makon, yayanta Seth, wanda ke koyar da aikin injina a wata makarantar sana'a a Yola, ya zo gida unguwar Lokuwa duba ta. Ya saurari labarin, ya buɗe jakarsa, ya ciro wani ɗan maƙali na ƙarfe da siririyar sanda mai tsawon kamu ɗaya. Ya maƙala shi a faifan haƙoran tayar baya, inda sarƙa ke hawa, ya kwantar da sandar a saman sarƙar.

"Zo ki gani da kanki," in ji Seth. "In taya a miƙe take, sandar nan tare za ta tafi da sarƙa. In ta karkace, sai su rabu."

Salomi ta sunkuya. Kan sandar ya bar sarƙar da kusan faɗin yatsa.

"To zane uku-ukun fa, Yaya?"

Seth ya goge maiƙon wurin ya nuna mata. Abin jan tayar na dama ba na babur ɗin ba ne, na wani samfuri ne aka cusa, alamarsa ba a wuri ɗaya take da ta hagu ba. Salomi ta tuna. Mu'azu ne ya canza shi bara, har yana cewa duk ƙarfe ƙarfe ne.

Seth ya ɗauko sifana zai gyara, ta riƙe masa hannu.

"Bar shi haka. Ara mini wannan abin."

Ranar Litinin ta sa aka ɗora babur ɗin a kan keke mai ƙafa uku, ta kai rumfar Mu'azu daidai lokacin da bencin ya cika. Ya ga bandeji, ya ce sannu, ya ƙara da cewa ai dama ya faɗa, hanyar Belel ba ta mata ba ce.

"Malam Mu'azu, sake duba mini tayar nan da idon naka."

Ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya. "Daidai take."

Da hannu ɗaya ta maƙala abin, ta kwantar da sandar, ta ja da baya. Mutanen benci suka taso. Babu wanda ya buƙaci bayani, sandar na kallon gabas sarƙar na kallon wani wuri.

"Wannan ai kayan wasan yara ne," in ji Mu'azu. "Faɗuwar da kika yi ce ta karkatar da ita."

"Yanzu fa ka ce daidai take. Da wanne za mu tafi?"

Wani daga baya ya tuntsire da dariya. Mu'azu ya fara zufa, yana cewa su da suka koyi aiki a hannu ba sa bukatar tsinke ya koya musu. Salomi ta sa wani mai babur ya sassauta mata notin tsakiya, ta riƙa juya abin jan tayar na dama kaɗan-kaɗan tana duban sandar, har ta kwanta sak a kan sarƙar. Aka ɗaure. Zane uku a hagu, huɗu da rabi a dama. Ta cire kayanta ta sa a jaka, ba ta ko yi masa sallama ba.

Babur ɗin bai sake jan ta ba. Ta koma rugar Gabdo ta yi wa shanunsa allura.

Wajen mako uku bayan haka tana wucewa ta Nassarawo, sai ta hango taro a rumfar. Mu'azu ne tsugune da wani maƙali da aka yi masa walda, da guntun rodi a jiki, yana gaya wa wani mai dakon gyaɗa a babur, Ya'akubu, cewa maigidansa ne ya koya masa dabarar tun yana saurayi, ya dai ajiye ta ne don mutanen Mubi ba su san darajarta ba.

Salomi ta tsaya, ta sauka, ta ce a miƙo mata ta gani. Ta zare rodin, ta ɗora shi a kan teburin ƙarfe, ta mirgina. Sai ya tafi yana tsalle yana ƙara, cikinsa na tashi daga teburin.

"Sandarka ma a karkace take," ta ce, ta ajiye masa a gabansa. Ta juya ga Ya'akubu. "Buhu nawa kake ɗorawa?"

"Uku, Anti."

"In kana son ƙafafunka, ka zo Lokuwa ranar Asabar da safe, bayan coci mai shuɗin ƙofa. Ka zo da sifanarka, ni ba na ɗaure wa kowa noti."

Ranar Asabar babura huɗu ta tarar a ƙofar gida, biyu daga ciki na mutanen bencin nan ne. Su ta bari suna jira a rana, sai da ta gama da sauran.