Ɓuntu a Cikin Sifika

Hambali ya raina Taufiq tun ranar da ya fara ganinsa. Shekara tara yana kaɗa jitar bes mai kaurin murya a bukukuwan Kura, har yatsunsa suka yi kanta, sai ga wani ɗan gayu ya shigo ƙungiyarsu da fiyano a hammata, wai maɓalli ɗaya zai danna bes ya fito. Kiɗan malalata ke nan.

Abin haushin, amfilifayar Hambali ce ta fara kunyata shi. Akwati guda ce, inji da sifika a haɗe, kuma ta koma ƙara kamar an rufe kwaɗo a gwangwani. Mudassiru, shugaban ƙungiyar, bai ɓoye masa ba.

"Ranar Asabar muna da biki a Bunkure. In akwatin nan ta sake yi mana wannan kukan, Taufiq zai riƙe bes, kai ka huta."

Hambali ya kai ta wurin Malam Suhaibu mai gyaran rediyo. Dattijon ya ƙwanƙwasa katakon, ya saurara.

"Cikinta fanko ne, ɗan nan, shi ya sa take amsa kuwwa. Ka shimfiɗa mata auduga, muryar za ta zauna."

Hambali ya yi tsaki a ransa. Auduga, sai ka ce katifar amarya? Mai gyaran rediyo ne zai koya masa sauti? Ya wuce injin casar shinkafar yayansa, ya cika rigunan filo biyu da ɓuntu, ya cusa su a cikin akwatin.

Kuma gaskiya abin ya yi. Da ya ja tsirkiya, sauti ya fito da kauri, a dunƙule, har kwanon rufi ya amsa. Daɗi ya kama shi. Ya bar ta a ɗakin ajiyar injin kwana uku, yana yawo a gari yana cewa ranar Asabar yaro zai san manya.

Ranar Asabar bayan la'asar aka kafa kaya a ƙofar gidan amarya, mata sun cika rumfa. Hambali ya gyara tsayuwa, ya harari Taufiq, ya ja tsirkiya. Abin da ya fito ya yi kama da yagar tsohon zane.

Ya kwance bayan akwatin. Ashe ɓuntun cike yake da gutsattsarin shinkafa. Ɓeraye sun bi ta ramin iska sun ci, sun haɗa da takardar sifika, har wata ta haihu a ciki.

Mudassiru ko faɗa bai yi ba. Kai kawai ya ɗaga wa Taufiq, shi kuma ya danna maɓallinsa.

Mata suka shiga fili suna guɗa. Hambali ya tsaya rungume da jitarsa, zuciyarsa na ƙuna, yana jiran ko mutum ɗaya ya ce kiɗan ya canja. Har aka tashi ba wanda ya lura.