Giram Takwas

…takwas. Giram takwas. A'a, bari in sake ɗora shi, wataƙila sikelin ne, tun safe yake kwance a bayan mota cikin sanyin nan na Fabrairu. Na sake. Takwas ɗin dai. Minti arba'in yaron nan yana maƙale a nonon uwarsa, na auna shi kafin ya kama, na auna shi bayan ya saki, abin da ya shiga cikinsa bai cika ƙaramin cokali biyu ba. Otis. Kwanansa tara a duniya. Da kilo uku da rabi aka haife shi, yau uku da 'yar ɗoriya — wace ɗoriya, Marnie? Daina yi wa kanki daɗin baki, yaron nan ramewa yake yi.

Tessa, uwarsa, tana kallona. Gyara fuskarki. Shekara goma sha tara ina aikin nas, ina bin masu jego gida-gida a garin Brandon, idan ban iya komai ba ai na iya gyara fuska. Dubi falon nan, don Allah. Tsaf. Ko tsinke babu a ƙasa. Ta shafa jan baki. Ta gasa burodin ayaba, har da yanka mini a faranti… mace mai jegon kwana tara, mijinta Curtis ya koma aikin jirgin ƙasa tun ranar Litinin, ita kaɗai ce a gida, yaushe ta yi shara? Da wane barcin? Saboda ni ta yi. Dukansu haka suke mini, sai ka ce mai duba tsabtar gari ce za ta zo.

Takardar tambayoyin da muke ba masu jego don gano damuwa ma haka ta cike ta. Guda goma. Kina kuka? A'a. Kina jin tsoro ba dalili? A'a. Kina dariya kamar da? Ƙwarai. Ni kuma na karɓa na sa hannu, har da cewa madalla. Na ga idonta fa. Na gani sarai. Amma takarda ta ce lafiya lau, kuma akwai gida huɗu suna jirana kafin ƙarfe uku.

A layin gaba take zama a ajina na masu juna biyu, da ɗan littafinta, duk abin da na faɗa sai ta rubuta. Me na ce? Jikin mace ya san aikinsa. Na ce da wuya a sami wadda nononta ba zai ishi ɗanta ba. Na ɗaga 'yar tsanar nan tawa mai kan roba ina nuna musu yadda ake riƙewa, suna dariya… Da wuya. Ban ce babu ba, da wuya na ce. To wa ke jin "da wuya"? Ranar Juma'a da na zo ta ce mini kuka yake yi ba dare ba rana, na ce kiran nono yake yi, ta daure, kada ta kuskura ta ba shi fida yanzu don zai ƙi nono. Ta daure. Ta ji maganata, shi ke nan laifinta.

Famfas ɗin a bushe yake. Tun yaushe? Ta ce tun jiya da yamma, wai ko don bai cika motsi ba ne. Ga ɗan ja-ja a ciki kamar garin jan bulo. Hannuna a kansa — maɗigarsa ta faɗa. Ya Allah. Leɓensa ya bushe. Kuma tana gaya mini, da murnarta, wai tun jiya ya zama yaron kirki, ya daina kuka, sai barci. Barci! Ba barci ba ne, Tessa, ƙarfin kukan ne ya ƙare. Tsoro nake ji. Ga shi ina ta yi mata murmushi kamar wata sakarai.

Bev, shugabarmu, da allonta a bangon ofis. Kashi nawa cikin ɗari na matanmu ke shayar da nono zalla, wata-wata, layi yana hawa, ga takardar yabo a cikin gilashi kusa da tukunyar dafa kofi. Bev ba muguwa ba ce, ita ma daga sama ake matsa mata. Ƙa'ida ta ce kada mu fara ambaton madarar gwangwani sai uwa ta tambaya da bakinta. To ba ta tambaya ba. Wa zai tambaye ni? Ni da hotona ke manne a ƙofar asibiti ina rungume da jaririn wata?

Joelle, 'yata… a'a, ba yanzu ba. Joelle tana wata ɗaya, ni ina tsaye a kicin na kulle ƙofa, ina dama madarar gwangwani ina ɗurawa a kwalaben da ake tatsar nono, in jera su a firiji, don surukata ta buɗe ta ce kai, Marnie akwai albarkar nono. Wata bakwai ina wannan ƙaryar. Ko ubanta bai sani ba har muka rabu. Yau Joelle shekararta ashirin da shida, ta fi ni tsawo, shanu take yi wa allura a gonakin mutane, ko mura ba ta cika yi ba. Ban taɓa faɗa a aji ba. Sau nawa na tsaya gaban mata? Ko sau ɗaya ban faɗa ba.

Wayar Tessa tana ƙara. Uwarta ce daga garin Steinbach, wadda ta shayar da biyar kuma ba ta gajiya da faɗa. Ta kife wayar. Yi magana, Marnie. Buɗe bakin nan naki mai daɗin zance.

"Tessa, zauna. Otis ba ya samun abin da zai ishe shi. Yanzu-yanzu za mu ba shi madara, sannan mu tafi asibiti tare."

Ba ta yi kuka ba. Gara ma ta yi. Ta miƙo mini shi, ba nauyi, ba nauyi ko kaɗan, ta juya ta sauka ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidan. Me za ta yi a can? In bi ta? In bar yaron? Me ke ɗakin ƙasa — igiya, magunguna, me? Ina jin ana jan wani abu mai nauyi a kan siminti. Tessa… Ga ta nan tana hawowa. Gwangwanin madara ne a hannunta, ko buɗe shi ba a yi ba, ƙura da zaren tufafi sun manne a murfin.

"Ranar Asabar na saya. Na sa shi a bayan injin wanki don kada ki gani."

Asabar. Yau Laraba. Asabar, Lahadi, Litinin… yaron yana ta ihu a sama, abincinsa yana ƙasa a bayan injin wanki. Ba uwarta take ɓoye wa ba, uwarta tana can nesa. Ba Curtis ba. Ni. Ni da aka aiko in taimake ta.

Na ɗora ruwa. Sai ya tafasa, sai kuma ya huce, haka ƙa'ida take, ni na koya musu. Tana tsaye a bayana, jan bakin ya soma gogewa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Za ki rubuta a fayil ɗina cewa na kasa?"

A'a. Ce mata a'a. Gaya mata wadda ta kasa… Yaron yana kafaɗata, shiru, ina lalubar numfashinsa da kumatuna, ruwan kuma har yanzu ko motsi bai fara ba.