Wanda Ya Kira Iska

Tun ranar da Shondel ta taso daga tsibiran Kanari za ta haye babban teku zuwa gida, uwarta Verlyn ba ta ƙara rabuwa da waya ba. A fuskar wayar akwai taswira shuɗiya, a tsakiyarta wani jan ɗigo ɗan mitsitsi. Ɗigon nan shi ne 'yarta, da jirgin ruwa mai tafiya da iska na wasu Turawa da aka ba ta ta tuƙo musu, da abokan aikinta biyu. Wata na'ura a jirgin ce take aiko da inda suke safe da yamma.

Mijinta Cuthbert, masassaƙin jirgi kamar yawancin dattawan ƙauyensu Windward, ya rantse ba zai leƙa ba.

"Ni da na yi ta jigila zuwa Trinidad ba taswira ba komai, sai in zauna gadin ɗigo? Yarinya ta san hanyar gidan ubanta."

Amma duk lokacin da Verlyn ta ajiye wayar ta fita shanya, in ta dawo sai ta tarar da garin katako a kan gilashin. Ba ta tona shi ba. Gogewa take da bakin riga tana murmushi, don ta san tsohon nan baki ne kawai gare shi.

Cuthbert mutum ne mai fito. Da shi yake sassaƙa, da shi yake fushi, da shi Verlyn take auna lafiyarsa tun suna ango da amarya. Sai dai kullum yakan juya wa teku baya tukuna, domin ko yaron goye a Windward ya san fito yana kiran iska, haka ma soka wuƙa a sandar jirgi, wadda ake ɗaura wa zanen kama iska.

Da farko komai ya tafi daidai. Ɗigo yana gangarowa, waya tana nuna ranar isowa, har aka ɗaure akuyar saraka a gindin mangwaro, wadda za a dafa wa gari don godiya. Sai iska ta ɗauke ɗif. Ɗigo ya kafe wuri ɗaya, ranar isowa ta yi ta ja da baya, akuya ta yi ta ƙiba abinta. Shondel ta aiko da saƙo: "Mama, teku ya kwanta kamar mai a kasko. Mun fara auna ruwan sha. Kada ki gaya wa Baba."

Ai kuwa Baba ya karanta kafin Mama.

Washegari Verlyn ta kai masa shayin koko bakin ruwa, sai ta yi turus. Ga wuƙarsa a soke jikin sabuwar sandar jirgin da yake ferewa. Ga shi tsaye ya fuskanci gabas, wajen teku, yana jan wani dogon fito.

"Kaftin! Me idona yake gani?"

Ya yi firgigit kamar an kama shi da hannu a tukunya. "Kaɗan na roƙa. 'Yar wadda za ta tura ta kawai."

"Kai da ka ce ba ruwanka da ɗigo?"

"Ba ni shayina, mace."

Ba a daɗe ba iska ta zo. Ɗigo ya zabura, Cuthbert ya shiga tafiya yana buɗa kafaɗa, a kan tebur har da neman ƙarin tuwon masara. Amma launin taswirar bai tsaya a shuɗi ba. Ya koma rawaya, ya koma ja, alamar guguwa, ya rufe ɗigon ta ko'ina. Wata safiya Verlyn ta duba, ɗigon yana inda yake jiya. Da yamma ma haka. Na'urar ta daina magana.

Cuthbert ya sauka bakin ruwa ya zare wuƙarsa. Daga ranar ba a ƙara jin fito a Windward ba. Verlyn takan tsaya a bakin ƙofa tana jin sautin gizago, tim, tim, ba fito a bayansa. Tsoro biyu take ɗauke da shi: na 'yar da ba ta san inda take ba, da na tsohon da yake ƙarewa a gabanta.

"Ci abinci, Cuthbert. Kai wane ne da za ka juya tekun Allah da leɓenka?"

"Ni na kira ta, Verlyn."

"To ni ma na roƙi iska a coci. Sai a raba laifin."

Bai yi dariya ba. Ya miƙo hannu ta ba shi wayar, karo na farko a gabanta. Ya ɗora kakkauran yatsansa a kan ɗigon, ya ja shi a hankali zuwa tsibirinsu.

"In ta rage zane ta bar iska a bayanta, Asabar ko Lahadi."

"In ba haka ba fa?"

Ya mayar mata da wayar.

Suka riƙa hawa tudu tare kullum da safe suna duban gabas. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Ranar Litinin Cuthbert ya ce gwiwarsa na ciwo, ba zai hau ba. Verlyn ta san ba gwiwa ba ce.

Rana tsaka sai ga busar ƙahon katantanwar teku daga wajen masunta, ba irin ta sayar da kifi ba, doguwa, ana maimaitawa. Verlyn ta bar tukunya a wuta. Yadda ita da Cuthbert suka shiga mota suka isa tashar jiragen ruwa, har yau ba ta iya tunawa.

Jirgin ya shigo da yagaggen zane. Shondel ta diro, ta rame, leɓe duk ya tsage da gishiri. Igiyar ruwa ce ta fasa na'urar, in ji ta, amma kowa lafiya. Verlyn ta ƙanƙame ta tana kuka tana zaginta. Cuthbert yana can baya, hula a hannu.

"Shondel," ya ce, "iskar nan da ta kusa cinye ki, ni ne. Na soka wuƙa, na yi fito."

Ta dube shi, sai ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. Ta kamo hannunsa ta ja shi cikin jirgin. A jikin sandar ga wata 'yar wuƙa an naɗe ta tam da igiya.

"Sandar ƙarfe ce, Baba, ta ƙi sokuwa, sai na ɗaure. Na yi fito har bakina ya gaji. Ni na kira ta. Wa ya koya mini?"

Cuthbert ya sunkuya ya daɗe yana duban wuƙar. Ya ja hanci, ya share ido da hula.

"Wannan 'yar abar yankan albasa? A ɗaure ma, ba a soke ba? Rufa wa kanki asiri, yarinya. Iska irin wannan sai babba."

"Tawa ce, Baba!"

"Tawa ce, na ce!"

Verlyn ta bar su suna musu, ta sauko neman wanda zai je ya yanka akuya. Ba ta yi nisa ba ta ji wani sauti a bayanta, siriri, yana ɗan karkarwa. Ta waiwaya. Ya juya wa teku baya, hannunsa a kafaɗar 'yarsa, yana fito.