Gwadon Baba Falle Shida

Ranar da na farke gwadon Babanmu, Gwaggo Hadiyya tana gidan suna. Da gangan na jira ta fita, kuma har gobe ban yi nadama ba.

Baba Alhassan masaƙi ne a Gatawa, Allah ya jiƙansa. Wannan gwado shi ne na ƙarshe da ya saƙa kafin 'yan bindiga su shigo garin: falle shida na farin zaren auduga, an haɗa su da allura. Gwaggo yayarsa ce, kuma gwadon kaɗai ta ɗauko da muka gudo Isa. Ta danne shi a ƙasan akwati, ba a shimfiɗawa, ba a rufa, sai dai ta buɗe ta sha kuka ta rufe. Mu kuwa 'ya'yansa mata shida mun watse. Ni ina Isa, biyu suna Sabon Birni, ɗaya Gangara, Hafiza tana Tozai. Autarmu Nuriyya ta tsallaka Nijar, ta rantse ba za ta sake taka ƙasar nan ba, ko waya ba ta ɗagawa.

A cikin akwatin akwai wani ƙyalle mai furanni da Gwaggo ta samo a Madina da ta je aikin Hajji, wurin wata tsohuwa 'yar garin Buhara, can ƙasar Uzbekistan. Labarin nan mun ji shi har mun haddace. Ba mai jin yaren wata, sai tsohuwar ta juya bayan ƙyallen, ta nuna mata layukan haɗi, ta nuna 'ya'yanta mata ɗaya bayan ɗaya. Wato su a can, a kan zana ado a zanen gaba ɗaya, a warware shi, kowace ta yi wa fallenta aikin zare, sannan a mayar a haɗe.

To ni malamar zane ce a makarantar 'yan mata, kuma na gaji da kukan bakin akwati. Na shimfiɗa gwadon na sa biro. Na zana rassan rumman irin na mutanen Buhara, tsakaninsu na jera dagi da aska irin na wuyan babbar riga. A tsakiya na yi wata ƙatuwar rana da ta hau falle biyu. Sannan na ɗauko reza.

Gwaggo ta dawo ta tarar da falle shida a kan tabarma.

"Radiyya! Mi kinka yi? Abin da ƙanena yab bar mani shi na kinka yayyaga?"

"Ban yaga ba, Gwaggo, haɗin na warware. Za shi dawowa."

"In bai dawo ba, ki nemi wata gwaggo."

Na aika wa kowace da nata da ƙullin zaren ulu. Na Nuriyya, mai rabin ranar, na damƙa wa Jibrilla, ɗan kasuwar da ke kai albasa Maraɗi. Ɗaya rabin yana kan nawa fallen. Sai da motarsa ta tashi tsoro ya kama ni, don na san taurin kan yarinyar nan, irin nawa ne.

Bayan girbi fallayen suka fara dawowa. Na Sabon Birni sun zabga ja da kore har suna kashe ido. Hafiza kuwa ba ta taɓa ganin rumman ba, sai ta mayar da nata yalo, da ɗan hancinsa da komai. Na yi faɗa, na yi dariya, na karɓa. Falle biyar suka taru, ranar tsakiya tana nan rabi. Gwaggo ta daina yi mini magana, in ban da "miƙo buta". Duk zuwan Jibrilla sai na tare shi a bakin zaure.

"Malama, hannu da hannu na ba ta," in ji shi. "Ba ta ce komi ba."

Na rame, gaskiya. In fallen nan bai dawo ba, na raba tsohuwa da ƙanenta karo na biyu ke nan.

Wata Juma'a da hantsi ina tankaɗe aka yi sallama. Na ɗaga kai, sai ga Nuriyya da goyo a baya, ta yi baƙi, fallen yana naɗe a hammatarta.

"Jibrilla ya ce in ba shi shi kawo," ta ce. "Nic ce aikin Baba ba ya hawa bisa buhun albasa."

Rariyar ta faɗi, garin ya zube, ban ko duba ba. Nan take na buga wa 'yan'uwana waya, kafin la'asar sauran huɗun sun iso, har da mai tsohon ciki.

Da muka jera fallayen, rabin ranar Nuriyya ya ɗara nawa da yatsa biyu, rawayarta ma ta fi tawa duhu. Raina ya ɓaci, na miƙa hannu ga reza. Gwaggo ta buge mini hannu. Ta ɗauko ƙyallen Buhara ta kai mini shi har hanci.

"Ke da iyayinki! Duba nan. Su ma nasu bai hau daidai ba. Hannu daban-daban na, haka aka son shi."

Ta zauna ta zura allura ba tabarau, ta shiga haɗawa, mu shida muna riƙe mata gefe. Mata suka cika gidan har kan katanga. Daga baya hoton gwadon ya kai Sakkwato, masu baje kolin zane suka roƙi a ba su aro, Gwaggo ta ce mai son gani shi zo Isa. Sun kuwa zo.

Amma ni ranar nan nake tunawa. Gwaggo ta kai ƙarshen layi ta ƙulla, ta datse zaren da haƙori. Muka ɗaga gwadon sama, ga rumman, ga yalon Hafiza, ga rana ta cika. Ta dube shi, ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya har kan auta.

"Alhassan," ta ce, "ga gwadonka ya dawo, bai rage ko falle guda ba."

Sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.