Inci Ɗaya a Motar Hajiya Gumsu

Shekara biyu da wata uku ke nan da karɓar diflomata a fannin kanikanci, kuma ban taɓa yin aikin da ake biya a ƙarshen wata ba. Saboda haka ranar da mahaifiyata ta dawo daga Kantin Kwari ta ce Hajiya Gumsu, babbar mai sayar da atamfa, ta amince ta gwada ni, na kasa cin abincin rana.

A makon nan ne aka fara rantsar da zaɓaɓɓu bayan sojoji sun koma bariki. Ƙanin Hajiya ya ci kujerar majalisar jiha a Maiduguri, ranar Litinin za a rantsar da shi. Don wannan tafiya ta sayi ƙaramar jif daga Kwatano, mai rim na alminiyom masu ƙyalli, irin waɗanda 'yan kasuwa ke kira aloyi. Tsohon direbanta, Baba Sammani, ya fara gajiya da doguwar hanya, tana neman mai ilimi da zai riƙe motar. Sharaɗinta ɗaya ne: in sa wa motar sabbin tayoyi, ta kasance a shirye ranar Lahadi bayan sallar asuba. Idan na yi haka, aikin nawa ne.

Ranar Asabar da safe na sami motar a gidanta na Rijiyar Lemo a kan bulo. An riga an cire tsofaffin tayoyin an yar, an jera rim huɗu a zaure, an lulluɓe su da bargo. Hajiya ta gargaɗe ni cewa ko ɗaya kada ya fita daga gidan, domin ta ji labarin yadda ake musanya su a kasuwa da na jabu. Na ce babu buƙata. Na buɗe ƙofar direba, na karanta takardar da kamfani ya manna: 205/70 R15. Na zagaya baya, na duba safayar da ke rataye a ƙofa, lambar ɗaya ce. Na rubuta sau biyu, a littafina da kuma a tafin hannuna.

A Sabon Gari na shiga shagon wani Nwabueze. Yana shirin tafiya ɗaurin aure, matarsa Obiageli ce ke kula da ciniki. Ta kalli littafina, ta tambaye ni ina rim ɗin. A layin nan, in ji ta, rim ake kawowa a ɗora taya a kai a gani da ido, ba takarda ba. Na yi mata bayani cikin ladabi cewa lambar ta kamfani ce, kuma na tabbatar da ita a wuri biyu. Ta ɗaga kafaɗa, ta sa aka loda mini guda huɗu a amalanke.

Malam Waliu, mai facin bakin titin Fagge, ya biyo ni gidan da kayan aikinsa. Ya kwantar da rim ɗaya a kan tabarma, ya ɗora taya a kai, ya juya ta, ya sake juyawa. Bai ko taɓa ƙarfensa ba.

"Injiniya, wa ya auna maka?"

Na nuna masa littafin.

"To kira littafin ya zo ya saka. Wannan rim inci goma sha shida ne, tayarka kuwa ta goma sha biyar ce. Ka sayo wa babban mutum hular yaro."

Na kifa rim ɗin da hannuna. A ciki, tsakanin ƙafafunsa, an buga lamba 16 ƙarara. Wanda ya mallaki motar a Turai ne ya canza su, ya bar safayar da takardar yadda suke. Na duba wuri biyu, ban duba abin da za a sa wa tayar ba. Sai na zauna a kan bulo.

Waliu ya ce in tashi, ba mutuwa aka yi ba. Na fitar da biro na yi lissafi a nan take. Idan rim ya ƙaru da inci ɗaya, dole kaurin gefen taya ya ragu, don tsayin ƙafar gaba ɗaya ya zauna kusa da yadda aka ƙera motar. Abin da ya dace shi ne 215/60 R16, ko a matse 215/65. Na hau acaɓa na koma Sabon Gari, azahar ta riga ta gota.

Obiageli ba ta yi mini dariya ba, kuma hakan ya fi dariyar ciwo. Ta yarda ta musanya. Sai dai tayoyi masu lambobin da nake nema suna sito, makullin yana aljihun mijinta, gobe kuma Lahadi, babu mai buɗewa sai Litinin. Abin da ke shagon na goma sha shida guda huɗu iri ɗaya shi ne 235/70, manya masu faɗi. Na bi layin shago bayan shago. Wani yana da biyu, wani ɗaya da ta sha hanya, wani ya rantse cewa ba komai idan an haɗa manya da ƙanana. Motar kuwa da ƙafa huɗu take ja, na san abin da bambancin tsayi ke yi wa giyarta a tafiyar kilomita kusan ɗari shida. Na dawo wurin Obiageli na roƙe ta ta ba ni babbar guda ɗaya in gwada, na bar mata takardar diflomata a matsayin jingina.

Waliu ya saka ta a hankali, yana shafa sabulu don kada ya karce aloyin. Muka ɗaura ta a gaba, muka sauke jak. Ta yi kyau ƙwarai. Motar ta zama kamar ta gwamna. Na shiga na murɗa sitiyari har ƙarshe, sai na ji gogar roba a jikin madigadi. Na sa yatsa tsakani, bai shiga ba. Kuma babu kowa a cikin motar, babu akwati, babu dilar atamfar da Hajiya za ta raba a can.

"Kawo guduma in ɗan lotsa wurin," in ji Waliu. "Hajiya ba za ta gani ba. Kafin gogar ta ci tayar kun wuce Potiskum, ka riga ka zama direba."

Na tuna mahaifiyata da yadda ta durƙusa ta roƙa mini wannan dama. Na tuna kuma cewa mutum biyar ne za su zauna a kan wannan roba cikin zafin hanya. Na tambayi Waliu ko yana da rim na ƙarfe goma sha biyar masu rami biyar. Ya ce yana da huɗu a bayan rumfarsa, amma ko akuya ba za ta yi alfahari da su ba.

Haka muka yi. Muka sa tayoyin da na fara saya a kan tsofaffin rim masu tsatsa, ɗaya ma da ragowar shuɗin fenti. Na goge su da kananzir, ba su canza ba. Na zagaya da motar unguwar sau biyu, tana tafiya sumul, babu ƙara.

Hajiya ta dawo daga kasuwa gab da magariba, Baba Sammani yana biye da ita da jakarta. Ta tsaya a bakin ƙofa. Na durƙusa na faɗa mata komai a jere, ban ɓoye kuskurena ba, na kuma yi alkawarin cewa ranar da suka dawo zan mayar da aloyin da tayoyin da suka dace.

"Abdulnasir, ka san me ya sa na zaɓi motar nan a cikin goma?"

"Na sani, Hajiya."

"Matan 'yan majalisa duk za su fito tarba ta. Da waɗannan ƙafafun zan shiga garinmu?"

Ta tambaye ni ko motar za ta kai su lafiya, na ce da yardar Allah za ta kai, ta kuma dawo da su. Ta miƙo hannu, na sa mata makulli. Ta juya ta bai wa Baba Sammani, ta ce ya kwanta da wuri. Sannan ta ce in gaida mahaifiyata, in faɗa mata ba ta yi fushi ba.

Waliu ya taya ni ɗaure babbar tayar a bayan acaɓa. Sai da na roƙi mai babur ya yi sauri, domin Obiageli ta ce ƙarfe bakwai take rufe shago.